Filin Tambayoyin Masu Karatu: Ina Jini Yake Tafiya Idan Mutum Yana Gudu?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan a kan motsa jiki suke, kuma wannan ba zai ba da mamaki ba ga duk wanda yake bi ta Dandalin Murtala na Kaduna da sassafe yana ganin yadda manya da yara suke sassarfa. Na zaɓi guda biyar daga ciki, domin ko da yake kowane mai tambaya da irin damuwarsa, amsoshin duka suna komawa ga abu ɗaya. Jinin da ke jikin mutum bai isa ya wadatar da dukkan gaɓoɓi a lokaci guda ba idan aiki ya tsananta, saboda haka tilas jiki ya yi rabo, ya rage wa wannan ya ƙara wa wancan.

Tambaya daga wani ɗalibi a Tudun Wada: Assalamu alaikum, Likita. Malaminmu ya gaya mana cewa jinin babban mutum bai wuce kimanin lita 5 ba, sannan ya ce idan mutum yana gudu, jinin da ke shiga tsokokin ƙafafunsa yana ninkawa fiye da sau goma. To daga ina wannan ƙari yake fitowa, alhali ba a yi wa mutumin ƙarin jini ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminku ya faɗi gaskiya a duka maganganun biyu, kuma babu karo a tsakaninsu. Yawan jinin yana nan yadda yake. Abubuwa biyu ne suke canzawa, wato saurin da jinin yake zagaya jiki da kuma kason da kowace gaɓa take samu.

Idan kana zaune, zuciyarka tana bugawa kamar sau 70 a minti ɗaya, kuma a kowane bugu tana harba jini kimanin mililita 70. Idan ka yi lissafi za ka sami kusan lita 5 a minti, ke nan dukkan jininka yana zagaya jiki sau ɗaya a kowane minti. Idan kuwa ka zage kana gudu iyakar ƙarfinka, bugun zuciyar matashi ɗan shekara 20 yana iya kusantar 200, abin da take harbawa a kowane bugu kuma ya haura mililita 100, sai jimillar ta kai lita 20 zuwa 25 a minti. Manyan 'yan wasan da suka shafe shekaru suna horon dogon zango suna iya kai wa lita 35 ko fiye. Jinin nan dai shi ne, sai dai maimakon zagaye ɗaya a minti, yanzu yana yin huɗu ko biyar.

Game da rabo kuwa, a lokacin hutu tsokokin jiki duka ba su samun fiye da kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da zuciya take harbawa, wato kamar lita 1 a minti. Hanta da hanji da sauran kayan ciki suna ɗaukar kusan rubu'i, ƙoda tana ɗaukar kusan kashi 20, ƙwaƙwalwa kuma kashi 15. A tsananin gudu sai lissafin ya juye, tsokoki su kwashe kashi 80 zuwa 85 na wancan lita 25, jinin da ke zuwa kayan ciki da ƙoda kuwa yana iya sauka zuwa kusan rubu'in abin da suka saba samu. Gaɓoɓi biyu ne ba a taɓa musu nasu. Ƙwaƙwalwa tana ci gaba da samun kimanin mililita 750 a minti, wani lokaci har da ɗan ƙari. Ita kuwa tsokar zuciya, nata kason ƙaruwa yake yi daga kimanin mililita 250 zuwa kusan lita 1, domin tun a lokacin hutu tana zuƙe kusan kashi 70 cikin 100 na iskar oksijin da ke cikin jinin da ya ratsa ta, don haka ba ta da wata hanyar samun ƙari sai an ƙara mata jinin kansa.

Wurin da ake yin wannan rabo shi ne ƙananan jijiyoyin da ke shigar da jini cikin kowace gaɓa, waɗanda ke da siririyar tsoka da ta naɗe bangonsu, tana matse su ko ta sake su. Ɗan canji a faɗinsu yana haifar da babban canji a abin da ke wucewa, domin idan faɗin jijiya ya ninka sau biyu, jinin da zai bi ta cikinta yana ninkawa sau 16. Wanda ya taɓa ganin masu lambu a bakin Kogin Kaduna suna ban ruwa zai fahimci dalilin rabon cikin sauƙi. Injin ɗaya ne, kuma ruwan da yake jawowa yana da iyaka. Idan manomi ya buɗe bakin kowane fangali a lokaci guda, ruwan zai bazu ya rasa ƙarfi, na can ƙarshe ba zai sami ko ɗigo ba, shi ya sa yake toshe wannan da ƙasa ya buɗe wancan. Bambancin kawai shi ne a jikin mutum, fangalin da ke bukatar ruwa shi ne yake ture toshiyarsa da kansa.

Ga yadda hakan yake faruwa. Da zarar ƙwaƙwalwa ta yi niyyar motsa ƙafa, saƙon da ta aika wa tsokoki yana tafiya tare da wani saƙon zuwa ga zuciya da jijiyoyin jini. Shi ya sa ɗan tseren da ke jiran a busa usur zuciyarsa take fara dukan uku-uku tun bai ɗaga ƙafa ba. Masana biyu 'yan ƙasar Denmak, August Krogh da Johannes Lindhard, sun bayyana wannan tun a 1913. Da farko ƙwaƙwalwa tana janye saƙon da ke rage wa zuciya gudu a lokacin hutu, wanda hakan kaɗai yana kai bugun zuwa kusan 100. Daga nan sai jijiyoyin saƙo masu zaburarwa su karɓi aiki, su ƙara wa zuciya sauri da ƙarfi, su kuma umarci ƙananan jijiyoyin jini a ko'ina su matse, yayin da wasu ƙananan halittu biyu da ke bisa ƙoda suke zuba sinadarin adirenalin cikin jini.

Umarnin matsewar nan na kowa da kowa ne, har da tsokar da ke aiki. Amma tsokar da ke aiki tana fitar da abubuwan da ke canza yanayin da ke kewaye da ita: iskar kabon dayoksaid, da sinadarin fotashiyam, da adinosin, da tsami, da zafi. Shi ma bangon jijiyar, idan jini ya goge shi da ƙarfi, yana sakin iskar naitirik oksaid, wadda gano aikinta ya sa aka ba masana uku lambar yabo ta Nobel a 1998. Waɗannan abubuwa suna sa jijiyar ta saki jiki ta buɗe, har su rinjayi umarnin da ya zo daga sama. Hanji da ƙoda da tsokar da ba ta aiki ba su da wannan kariya, sai su bi umarni su matse. A ganina wannan shi ne mafi ban sha'awa a cikin tsarin duka, domin ƙwaƙwalwa ba ta bukatar ta san ko ƙafar dama ce ke aiki ko hannun hagu. Ta rufe wa kowa, mai bukata ya buɗe nasa daidai gwargwadon wahalarsa. A cikin tsokar kuma, siraran jijiyoyin da ke tsakanin zarurrukanta suna cika da jini fiye da da, kuma binciken yadda suke daidaita kansu ne ya ba Krogh lambar Nobel a 1920.

Tsokar ma tana da hanyar kai ƙara. A 1937 wasu masana biyu a Alƙahira, Alam da Smirk, sun ɗaure hannun mutum da abin awon jini, suka sa shi ya yi aiki da hannun, sannan ya daina amma aka bar ɗaurin. Sai suka ga ƙarfin jininsa, wato abin da ake aunawa domin gane hawan jini, ya ƙi sauka har sai da aka kwance, domin abubuwan da tsokar ta fitar suna nan a tare, suna ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa a ƙaro jini.

Duk da haka ba a barin tsoka ta ɗebi iya son ranta. Awon da Per Andersen da Bengt Saltin suka yi a tsokar cinya a 1985 ya nuna cewa kilo ɗaya na tsoka yana iya karɓar kusan lita 2 da rabi a minti. Idan kilo 15 na tsoka suka buɗe haka tare, za su nemi fiye da lita 35, abin da ya fi ƙarfin zuciyar yawancin mutane, ƙarfin jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta rasa nata. Saboda haka akwai wasu masu gadi a jijiyoyin wuya da kuma babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, waɗanda suke auna ƙarfin jini a kowane bugu, kuma idan ya soma sauka sai a ɗan matse har jijiyoyin tsokar da ke aiki.

Tambaya daga wani ɗan ƙwallo a Rigasa: Likita, ina buga wasa na minti 90 lafiya lau, amma da an tashi, idan na tsaya cik ina sauraron koci, sai in ji jiri, idona ya yi duhu. Sau ɗaya har na faɗi. Ciwon zuciya ne?

Amsa: Malam, yadda ka bayyana abin ya fi kama da matsalar dawowar jini, kuma tana samun masu lafiya ƙalau. Zuciya ba ta iya harba abin da bai dawo mata ba, kuma a kowane lokaci kusan kashi 60 cikin 100 na jinin mutum yana cikin jijiyoyin da ke mayar da shi zuciya. Daga ƙafa zuwa ƙirji hawa ne, kuma abin da ke taimaka wa jinin ya hau shi ne tsokar sharaɓa da ta cinya. Duk lokacin da ka taka, tsokar tana matse jijiyoyin da suka ratsa ta, su kuma suna da 'yan marafai a ciki masu buɗewa ta sama kaɗai, don haka jinin ba shi da wurin zuwa sai wajen zuciya. Numfashi mai zurfi ma yana jawo shi zuwa ƙirji.

Idan ka tsaya farat ɗaya, wannan matsa ta ƙare nan take, amma jijiyoyin ƙafarka da na fatarka suna nan a buɗe, domin abubuwan da suka buɗe su ba su gama wankewa ba. Sai jini ya taru a ƙafa, abin da ke komawa zuciya ya ragu, ƙarfin jini ya sauka, ƙwaƙwalwa da ke can sama ta fara jin rashi. Irin wannan ne ke kayar da wasu a wajen fareti idan aka daɗe a tsaye cikin rana ba motsi. Maganinsa shi ne ka ci gaba da tafiya a hankali na minti 5 zuwa 10 bayan an tashi, idan kuma dole ka tsaya, ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa. Wanda ya faɗi a kwantar da shi a inuwa a ɗaga ƙafafunsa sama. Kada a tayar da shi zaune da ƙarfi, kada kuma a ɗura masa ruwa a baki alhali bai farfaɗo ba, kamar yadda ake yawan yi a filayenmu.

Amma akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya faɗi bayan ya tsaya da wanda ya faɗi yana tsakiyar gudu. Na biyun alama ce ta haɗari, kuma masu shekaru a cikinmu ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi ya rasu ana cikin wasan Najeriya da Angola a Legas ranar 12 ga Agusta, 1989. Tunda ka taɓa faɗuwa, ina ba ka shawara ka je a auna jininka a kuma ɗauki awon bugun zuciyarka, musamman idan kana jin ciwon ƙirji, ko zuciyarka tana tsallen bugu, ko a danginku akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a yana matashi.

Tambaya daga wata uwa a Unguwar Rimi: Likita, yarona yana dawowa daga makaranta ya ci tuwo ya ƙoshi, ya ruga wajen tirenin, sai ya dawo yana cewa ya yi amai ko cikinsa yana murɗawa. Ko tsutsar ciki ce?

Amsa: Hajiya, kafin a zargi tsutsa a duba lokacin cin abincin. Bayan an ci abinci mai nauyi, ciki da hanji suna neman ƙarin jini mai yawa domin narkarwa, kuma a daidai wannan lokaci ne gudu yake sa a matse jijiyoyinsu. Abincin sai ya zauna a ciki bai wuce ba, ga kuma jijjiga, sai tashin zuciya da murɗa su biyo baya, wasu har da gudawa. A bar tazarar awa 2 zuwa 3 tsakanin tuwo ko shinkafa da fita fili. Idan yunwa ta dame shi kafin nan, ayaba ko dabino ko ɗan kunu sun isa. Ki kuma lura kada ya riƙa shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac kafin wasa, domin ƙoda tana cikin ƙarancin jini a lokacin gudu, waɗannan magunguna kuma suna ƙara rage mata shi. Idan ciwon yana zuwa ko bai yi gudu ba, ko yana ramewa, to a kai shi asibiti.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Kakuri: Likita, tazarar da nake gudu ɗaya ce, saurin ma ɗaya, amma agogon hannuna yana nuna bugun zuciyata ya fi yawa a watan Maris da Afrilu fiye da lokacin hunturu. Kuma wane lokaci ya fi dacewa da mai azumi?

Amsa: Malam, agogonka bai yi ƙarya ba. Daga cikin ƙarfin da tsoka take ƙonawa, kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kaɗai ke zama motsi, sauran duka zafi ne, kuma jini ne yake kwaso zafin nan daga cikin jiki ya kai shi fata domin gumi ya tafi da shi. A farkon gudu jijiyoyin fata suna matsewa kamar na hanji, amma da jiki ya ɗumama sai su buɗe. Ke nan a bazara an sami wata mai neman kaso bayan tsoka, wato fata, kuma fata idan ta buɗe tana riƙe jini mai yawa. Ga shi kuma gumi daga ruwan jini yake fitowa, kuma mai gudu cikin zafi yana iya zubar da lita 1 zuwa 2 a awa ɗaya. Abin da ke komawa zuciya yana raguwa, abin da take harbawa a kowane bugu ya ragu, sai ta cike giɓin da yawan bugu. Wannan hauhawa tana farawa ne bayan kamar minti 10 zuwa 15, ko da ba ka ƙara sauri ba.

Idan tsoka da fata suka ci gaba da jayayya har abin ya gagara, jiki yana fifita ƙarfin jini a kan sanyaya kansa, ya rage wa fata, zafi ya taru a ciki. Wanda ya fara ruɗewa, ko yana tangaɗi, ko yana maganar da ba ta da kan gado a cikin rana, a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take a garzaya da shi asibiti. Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14 idan aka bi a hankali, domin ruwan jini yana ƙaruwa, gumi kuma ya riƙa fitowa da wuri. Hunturu ma yana da tasa yaudara, domin busasshiyar iska tana shanye gumi tun ba ka gan shi ba. Ka hau sikeli kafin ka fita da bayan ka dawo, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa.

Ga mai azumi, na fi son awa ɗaya ko biyu bayan buɗa baki mara nauyi, ko kuma bayan asham. Wanda ya fi son la'asar sakaliya ya tsaya ga tafiya ko sassarfa mara tsanani dab da magariba. Masu sikila da waɗanda suka tashi daga zazzaɓin cizon sauro su yi hattara fiye da kowa, domin jininsu ba ya ɗaukar oksijin yadda ya kamata, rashin ruwa da zafi kuma suna iya tayar wa mai sikila da ciwonsa.

Tambaya daga wani dattijo a Malali: Likita, shekarata 58, ina shan maganin hawan jini. Na auna jinina da dawowata daga tattaki sai na ga 170 bisa 80, na tsorata na daina fita. Na yi daidai?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Awon da ka gani shi ne abin da ake sa ran gani ga wanda ya shigo yana haki. Lambar sama tana bin yawan jinin da zuciya take harbawa, don haka dole ta hau a lokacin tafiya mai sauri ko gudu, kuma ga masu lafiya ma tana kai wa 160 zuwa 200. Lambar ƙasa tana bin yadda jijiyoyi suke a matse, kuma da yake na tsokoki sun buɗe, tana zama inda take ko ta ɗan sauka, kamar yadda taka ta tsaya a 80. Bayan an huta, ƙarfin jini yakan sauka ƙasa da inda ya saba na tsawon wasu awoyi, kuma wanda ya dage da tattaki na watanni yana iya rage kimanin maki 5 zuwa 8 daga lambar sama. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato irin wanda mutum zai iya magana a cikinsa amma yana ɗan haki.

Abin da ya bambanta shi ne ɗaga ƙarfe mai nauyi ko tura mota da riƙe numfashi. A nan tsoka tana ƙanƙamewa ta danne jijiyoyinta maimakon ta bar su a buɗe, sai lambobin biyu su yi sama tare, kuma wannan bai dace da kai ba sai da izinin likitanka. Ka kuma san irin maganin da kake sha. Atenolol da danginsa suna hana bugun zuciya hawa, don haka lissafin nan na cire shekaru daga 220 domin sanin iyakar bugun zuciya a minti, wanda zai ba ka 162, ba zai yi maka aiki ba, gara ka bi numfashinka. Amlodipine yana buɗe jijiyoyi, magungunan sa fitsari kuma suna rage ruwan jiki, duka biyun suna sa jirin bayan tsayawa ya fi sauƙin kama mutum, saboda haka ka ƙarasa tattakinka da tafiya a hankali. Ka koma fita, amma ka riƙa yin awo kafin ka bar gida, ko kuma bayan minti 30 da dawowa, kana zaune ka jingina bayanka na minti 5. Idan a wannan yanayi ka ga 180 bisa 110 ko fiye, ka fasa fita ranar ka je ka ga likitanka.